Yadda Ake Ɗaura Rim ɗin Katako a Keke, da Yadda Ake Kula da Shi

Kafin alminiyam ya mamaye kasuwa, kekunan tsere a Turai da Amurka a kan rim ɗin katako suke gudu. Daga shekarun 1890 har zuwa tsakiyar shekarun 1930 haka abin yake. A garin Onaway na jihar Mishigan an yi katafariyar masana'antar da ke lanƙwasa itacen mapul tana yin rim, har gobara ta cinye ta a 1926. A gasar Tour de France ta 1934 kuwa, Antonin Magne ya yi nasara a kan rim ɗin alminiyam na kamfanin Mavic, amma sai da aka shafa masa fenti mai kalar katako, domin dokar gasar ba ta yarda da shi ba a lokacin. Daga nan katako ya fara ja da baya, sai dai bai mutu ba. Har yau a ƙauyen Magreglio, kusa da tafkin Komo a Italiya, kamfanin Cerchi Ghisallo yana yin sa da itacen bic, ana yanka itacen sala-sala, a manne da gam, a lanƙwasa shi ya zama zobe. Masu sayensa galibi masu farfaɗo da tsofaffin kekuna ne, irin waɗanda ke zuwa taron L'Eroica na hawan tsofaffin kekuna, wanda aka fara a garin Gaiole na Italiya a 1997.

Idan irin wannan rim ɗin ya shigo hannunka, ko tare da tsohon keken tsere ko kuwa sabo ka yi oda, abu guda nake so ka riƙe tun daga farko: katako yana shan laimar iska ya kumbura, ya bushe ya motse, kuma yana lotsawa ƙarƙashin matsi. Duk wanda ƙofar ɗakinsa ta katako take cijewa a watan Agusta, ta saki a watan Janairu, ya riga ya san halin. Duk matakan da ke ƙasa daga wannan halin suka fito.

Fara duba ko kekenka ya dace

Ba kowane keke ne zai karɓe shi ba. Baƙin keken nan mai birkin sanda, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, birkinsa yana jan rim ne daga ciki, ta gefen da sifok ke fitowa, kuma an yi shi ne don faffaɗan rim na ƙarfe. Kada ka gwada katako a kansa. Haka keken da ake labta wa buhun hatsi ko jarkokin ruwa. Wannan kayan hawa ne na mutum ɗaya a kan hanya mai ɗan kyau.

Girman ma sai ka lura. A jikin taya akwai lamba da ke nuna faɗin zoben a milimita. Keken tsere na yau 622 ne, wanda ake kira 700C. Tsohon inci 27 shi ne 630, baƙin keke mai inci 28 kuwa 635. Bambancin kaɗan ne a ido, amma taya ba za ta zauna ba, birki ma ba zai kai inda ya kamata ba.

Sai giya. A ƙafar baya mai giya goma ko goma sha ɗaya, sifok ɗin ɓangaren sarƙa suna ɗaurewa sosai, na ɗaya ɓangaren kuma ɗaurinsu bai fi rabi da ɗan wani abu ba. To katako ba ya ɗaukar ɗauri mai yawa, saboda haka idan ka tsaya a iyakarsa ta ɓangaren sarƙa, ɗaya gefen zai zama sako-sako, notunan da ke ɗaure sifok a rim su riƙa kwancewa. A ganina keke mai giya ɗaya, ko tsoho mai biyar ko shida, shi ne gidan wannan rim ɗin. Ramukan sifok kuma 36 sun fi, ko 32 ga mai ƙaramin jiki, kuma dole yawansu ya zo daidai da na hob, wato cibiyar ƙafar da sifok ke tasowa daga gare ta.

Akwai iri biyu na rim. Na asali shi ne na taya ɗinkakkiya, wadda tif ɗinta yake ɗinke a cikinta, ana manna ta da gam a kan ɗan kwarin da ke bayan rim. Ita ce ta fi dacewa da katako, domin iskar tana cikin tayar ne kawai, ba ta tura gefen rim waje. Na biyu shi ne na taya ta yau da kullum mai baki, wadda iskarta ke tura leɓɓan rim biyu kamar za ta raba su. Katako yana tsagewa ta bin jijiyarsa, shi ya sa masu yin irin wannan suke ƙayyade yawan iskar da za a buga, wasu ma har suna saka kabon, wani zare mai ƙarfi marar nauyi, a ciki don ƙarfafawa. Idan irin wannan ne naka, nemi adadin daga wanda ya ƙera shi, ka tsaya ƙasa da shi.

Bincike da shiri

Ɗora rim ɗin a kan shimfiɗaɗɗen tebur ko gilashi, ka ga ko ya kwanta. Ɗan tashi na milimita biyu ko uku sifok za su gyara. Wanda ya murɗe sosai kuwa, jan da za ka yi don miƙar da shi zai sa wasu sifok ɗaure tamau, wasu a sake, kuma ba zai zauna ba. Bi zoben da ido da farce, musamman wajen mahaɗa, ka duba ko salolin sun fara rabuwa. Duba bakin kowane rami ko akwai tsaga. Ƙananan huji masu fitar da gari alamar ƙwaro ce a ciki. Ƙwanƙwasa shi da bayan cokali kana zagayawa: lafiyayyen katako amsa ɗaya yake bayarwa ko'ina, inda gam ya saki kuwa za ka ji sautin ya mutu. Tsohon rim da ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, ajiye shi don kallo. Ƙafar gaba in ta karye ana cikin gudu, fuska ce ke fara isa ƙasa.

In ya tsallake, kada ka yi gaggawa. Kwantar da shi a cikin ɗaki, nesa da rana, ya yi mako biyu ko fiye yana sabawa da iskar wurin. Rim ɗin da ya taso daga gindin duwatsun Italiya ya sauka Kano ko Maraɗi cikin hunturu zai motse, kuma gara ya gama motsewarsa kafin ka ɗaura masa sifok.

Sannan ka toshe hanyoyin ruwa. Jikin sabon rim yana zuwa da banish, amma cikin ramukan sau da yawa katako ne tsirara, kuma ta nan ruwa ke shiga. Ɗauki banish irin na jirgin ruwa ko na ƙofar waje, ka tsoma tsinke mai auduga, ka shafa siriri a cikin kowane rami har da na bawul. Bar shi ya bushe sarai. Idan ya yi kauri har noti ya ƙi wucewa, ka goge da samfefa da aka naɗe, kada ka sa injin huji.

Noti, washa da tsawon sifok

A nan ne mutane suka fi ɓata kayan. Katako ya fi alminiyam kauri nesa, saboda haka notin sifok na yau da kullum mai milimita 12 ba zai leƙo ta ciki yadda makulli zai kama shi ba. Ana bukatar dogo, daga milimita 16 zuwa sama gwargwadon kaurin rim. Kuma kowane noti sai da washa a ƙarƙashin kansa, don ta baza nauyin a kan katakon. Ba tare da ita ba kan notin zai riƙa nutsewa har ya tsaga wurin. Masu ƙera rim suna sayar da noti da washa da suka dace da ramukansu. Sayi nasu tare da rim ɗin, har da 'yan rara.

Tsawon sifok kada ka ɗauke shi daga tsohuwar ƙafar, auna da kanka. Yanke tsofaffin sifok biyu ta ɓangaren lanƙwasar, kowanne ya zama milimita 200 cif. Ɗaura wa kowanne noti har bakin sifok ya zo daidai da gindin tsagar da ke kan notin, ka sa washa, ka zura su ta ramuka biyu masu fuskantar juna. Ja su su miƙe, ka auna tazarar da ta rage tsakanin bakunansu, ka ƙara 400. Yi haka a wuri uku ko huɗu, ka ɗauki matsakaici. Wannan adadin, tare da awon hob, shi za ka saka a na'urar lissafin sifok ta intanet. Idan amsar ta faɗo tsakanin lamba biyu, ɗauki ƙaramar, domin washa za ta nutse kaɗan daga baya, sifok ya ƙara leƙowa.

Sifok na ƙarfe mara tsatsa mai siririn tsakiya, wato milimita 2.0 a bakuna da 1.8 a tsaka, ya fi mai kauri ɗaya a wannan aikin. Yana miƙewa fiye da mai kaurin a ɗauri iri ɗaya, don haka in katako ya ɗan motse ba ya saki gaba ɗaya.

Saƙa

Saƙar ba ta bambanta da wadda kowane mai gyaran keke ya sani ba, don haka ba zan daɗe a kanta ba. Gicciye uku, wato kowane sifok ya gicciye wasu uku, rukuni huɗu na sifok tara-tara a rim mai rami 36. Ɗiga ɗan man linsid a zaren kowane sifok da tsakanin noti da washa, kaɗan ƙwarai, kada ya malalo kan katako. Abin lura ɗaya ne mai girma: ramukan rim ɗin katako a karkace ake huda su, wani ya nufi dama wani hagu, a wasu ma har gaba da baya. Tun da ramin dogo ne, noti ba ya iya juyawa a cikinsa yadda yake yi a siririn alminiyam. Zura sifok a ramuka huɗu a jere kafin ka fara, ka ga inda kowanne ya nuna, ka bi hakan. In ka saɓa, sifok zai lanƙwashe a bakin noti, nan kuma zai karye. Ka tabbata kuma sifok biyun da ke gefen bawul sun tafi kusan a jere, don famfo ya sami wurin shiga.

Ɗauri

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma ba a gama shi a zama ɗaya.

Fara da murɗa kowane noti har zaren sifok ya ɓace daidai bakinsa, duka iri ɗaya. Daga bawul, zagaya kana ƙara juyi ɗaya-ɗaya har sifok su daina lilo. Daga nan koma rabin juyi, sannan kwata. Bayan kowane zagaye, juya ƙafar ka duba abu biyu: tsalle, wato hawa da sauka, da rawa, wato kaɗawa gefe da gefe. Gyara tsalle tukuna tun ɗaurin yana da sauƙi. In ba ka da abin ɗora ƙafa, kifa keken, ka ɗaure ɗan tsinke a jikin fok kusa da rim ya zama ma'auninka. Juya ƙafar ka mayar da ita a fok ta ɗaya fuskar, don ka tabbata rim yana tsakiya.

Rim ɗin alminiyam na zamani ana kai shi kilo 100 zuwa 120 a ma'aunin ɗaurin sifok. Katako ba ya kai nan. Idan wanda ya ƙera ya ba da adadi, shi za ka bi. In bai bayar ba, shawarata ka tsaya wajen kashi biyu cikin uku na wancan. Hannun da ya saba da ƙarfe zai ji kamar aikin bai ƙare ba, ya so ya ƙara. Kada ka biye masa. Alamomin wuce gona da iri su ne washa tana nutsewa a kan idonka, banish yana fashewa kewaye da rami, ko rim ya fara yin igiyar rawa mai tafiya dama da hagu a jere bayan ka matse sifok. Da ka ga haka, sassauta duka da rabin juyi, ka sake daidaitawa.

Daidaiton ɗauri ya fi yawansa amfani. Kaɗa kowane sifok da farce ka saurara, na gefe ɗaya su yi amo kusan iri ɗaya. Idan rim ya miƙe amma wani sifok yana kuka sama, maƙwabcinsa yana ƙasa, rage wa na farko ka ƙara wa na biyu. Kuma kada ka matsa wa kanka neman miƙewar da babu ko gashi. Rawar rabin milimita zuwa ɗaya a katako ba laifi ba ce, in dai ɗaurin daidai yake.

Da ka kai rabin ɗaurin da kake nufi, kama sifok bibbiyu masu tafiya a jere ka matse su da hannu, ka zagaya duka. Sai ka ajiye ƙafar ta kwana. Washegari za ka tarar ɗaurin ya ragu, domin washa ta zauna cikin katako. Ƙara, ka daidaita, ka matse, ka sake ajiyewa. Maimaita har ranar da ka tarar da ita yadda ka bar ta. Sannan ka shafa yatsa a bayan rim. Duk sifok ɗin da ya leƙo saman noti, goge shi da zarto har ya lafe, don kada ya huda taya.

Ka tuna da lokacin da kake aikin. In cikin tsananin hunturu ka ɗaura, katakon yana mafi motsewarsa, kuma ɗauri zai ƙaru da kansa in damina ta kankama, don haka ka bar masa sarari. In a damina ne, sa rai za ka ƙara ɗauri a watan Disamba.

Saka taya

Taya ɗinkakkiya sabuwa tana da tauri. Ɗora ta a rim ba gam, ka buga mata iska, ta kwana ta saki. Cire ta, ka ɗan goge kwarin rim da samfefa mai laushi don gam ya sami abin kamawa, ka share ƙurar. Gam ɗin nata na musamman ne, irin su Vittoria Mastik'One ko na Continental. Sholishon faci ba ya wannan aikin, gam ɗin kafinta ma haka. Shafa siriri a rim daga gefe zuwa gefe, da siriri a kan ƙyallen da ke cikin tayar, ka bar su kwana. Ƙara shafi na biyu a rim, ya sake bushewa. Na ƙarshe shi ne wanda za ka ɗora tayar a kansa tun yana da danshi: sa mata iska kaɗan ta yi siffa, fara daga bawul, ka ja ta ƙasa da hannu biyu daidai wa daida, ka tura ragowar da manyan yatsu. Juya ƙafar ka gyara ta ta hau tsakiya, ka cika iska, ka bar ta awa 24. Kafin hawa, sace iskar ka tura tayar gefe da ƙarfi a wurare da yawa. Duk inda ta ɗaga, aikin bai yi ba. Gam da ya ɓata gefe kuma kada ka wanke shi da tina, tana cin banish. Bar shi ya bushe ka murje da yatsa.

Ga mai taya ta yau da kullum, naɗa ƙyallen rim mai kauri a kan notuna, ka zaɓi taya mai ɗan faɗi da ke tafiya da iska kaɗan. Wajen sakawa da cirewa, abin ɓanɓara na roba kawai. Sukundireba ko bakin sifana zai ɓalle leɓen katakon, kuma ba ya gyaruwa. Keken da aka bari a ranar Afrilu iskar tayarsa tana ƙaruwa, wannan ma dalili ne na tsayawa ƙasa da iyaka.

Birki

Ƙarfe yana kwashe zafin birki ya baza shi a jikinsa. Katako ba ya yi. Wannan yana da amfani, domin gam ɗin taya ba ya narkewa a doguwar gangara. Amma zafin sai ya taru a fuskar robar birki, robar ta narke ta shafe rim da baƙi, ko ta ƙona banish, kamu ya lalace. Mutanen da suna amfani da fata. Yau abin da ya fi samuwa shi ne takalmin birki na kok, wato ɓawon itacen nan da ake toshe kwalba da shi, wanda ake sayarwa don rim ɗin kabon. Shi za ka nema. Takalmin da ya taɓa aiki a alminiyam kada ya kusanci katako, domin akwai ɓurɓushin ƙarfe a nutse cikinsa da zai karce shi.

Saita shi ya kwanta a tsakiyar gefen rim, ba ya taɓa taya, bakinsa na gaba ya riga na baya taɓawa da kamar milimita ɗaya, don rage ƙara. A hawa na farko banish ɗin wurin zai goge, birki ya riƙa fizga, har da ɗan ƙaurin itace. Goge fuskar takalmin da samfefa, abin zai daidaita. Kada ka shafa mai ko kakin gyaran katako a wurin da birki ke kamawa.

Yashi shi ne babban abokin gabarsa a ƙasarmu. Ƙwayar yashi ɗaya in ta nutse a takalmi, tana yanka layi a katako duk juyi. Da ka ji sautin karta, tsaya ka cire ta da bakin allura. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo, kada ka riƙe birki kana ja. Kama da ƙarfi ka saki, gaba sannan baya, don takalmi ya sha iska. Cikin ruwan sama kuwa kamun yana raguwa sosai, sai ka fara tsayawa tun daga nesa, in ma da hali ka bar keken a gida ranar. Wanda zai iya sa birkin da ke cikin hob, irin na taka feda baya ko na ganga, ya huta da duk wannan, rim ɗinsa kuma zai daɗe da kyansa.

Bayan an fara hawa

Tafiyar farko ta zama gajera a kan kwalta mai kyau. Za ka ji 'yan ƙararraki na sifok suna zama. Dawo ka duba rawa da amon sifok, ka sake dubawa bayan 'yan tafiye-tafiye. Kasancewar taya ɗinkakkiya a manne ba ta hana wannan, tun da ta gefen da sifok ke fitowa ake kama noti. Daga nan sai duba biyu a shekara da ba a tsallakewa: farkon hunturu, da lokacin da damina ta zauna. Kwata-kwatan juyi ne ake ƙarawa ko ragewa a duk zagayen, ba a sifok ɗaya ba.

In ruwa ya taɓa shi, goge da tsumma ka bar shi ya bushe a inuwa, ba a rana ko kusa da murhu ba. Wanka da ruwa mai ƙarfi irin na wankin mota haramun ne a gare shi, jiƙaƙƙen tsumma ya isa. Wajen ajiya, rataye keken ko ka ɗora shi a kan wani abu, kada rim ya jingina da bangon ƙasa ko ya daɗe a daɓe mai sanyi, saboda gara. Duk inda banish ya kwarje, goge kaɗan ka sake shafawa kafin ruwan farko.

Ɗan rabuwar sala a gefe, wanda bai kai rami ba, kafinta mai hankali zai iya ɗura masa gam mai haɗi biyu ya matse shi ya kwana, bayan an sassauta sifok ɗin wurin. Amma tsagar da ta haɗa rami da rami, ko mahaɗar da ta buɗe, ko gefen da birki ya cinye har ya yi kwari, ko washa da ta nutse har noti ya ƙare zarensa, duk waɗannan sun wuce gyara. Kwance ƙafar, ka ajiye hob da notuna da washa, ka nemi wani rim ɗin.